Tsakuwar da Malam Ya Ɓoye

Shekara goma sha biyar mijina ya yi yana wanke wandonsa da hannunsa. Riga zai tuɓe ya miƙo mini, rawani ma haka, amma wando sai ya naɗe ya sa a hammata ya nufi bakin tur'a, babban magudanar nan da ke kai ruwa gonakin auduga. Can zai wanke, ya shanya a kan ƙaya, ya zauna gadinsa har ya bushe. Matan ƙauyenmu suna cewa na yi dacen miji mai tausayi. Ni kuwa sai in ce alhamdu lillahi, don in ban ce haka ba me zan ce?

Ni 'yar garin Mai Wurno ce. Aure ne ya kai ni wani ƙauyen Hausawa arewa da Sinnar, a bakin gonakin Jazira, tun Turawa ba su bar Sudan ba. Malam nake ce masa, ko da yake karatun nasa bai taka kara ya karya ba. Ba shi da hawasha, wato gonar da hukuma ke yanka wa mutum. Ta wani Balarabe yake nomawa, shi ne ban ruwa, shi ne cirar ciyawa, in kaka ta yi a raba dawa. Dogo ne, marar magana, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ina son sa ƙwarai. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ji abin da ke tafe a zaci ƙiyayya ce ke magana.

Mun daɗe kafin Allah ya ba mu haihuwa. Da ta zo, namiji ne. Ya fara tafiya, ya fara kiran akuya da sunan da shi kaɗai ya san ma'anarsa, sai baƙon dauro ya shigo ƙauyen da damina ya tafi da shi tare da 'ya'yan mutane da yawa. Na yi kuka har na gaji. Tsofaffi suka ce in yi haƙuri, da sauran ƙuruciyata, wani na tafe. Ni ma haka na sa a rai. Ba dukiya na roƙa ba, ba Makka ba, duk da kakanninmu don ita suka baro gida. Ɗa guda nake so in sake goyawa.

Bayan sadakar arba'in Malam ya ɗauke angarib ɗinsa, gadon igiyar da yake kwana a kai, ya kai rumfar ƙofar gida. Ya ce zafi. Na ce to. Zafi ya wuce, sanyi ya shigo har ruwan randa na cizon haƙori, Malam na rumfa da bargonsa. Na ce baƙin ciki ne, namiji ba ya kuka, bari in ba shi lokaci. Aka tsinke auduga, aka tuge itacenta aka ƙone, aka sake shuka wata, gadon bai dawo ba.

Akwai abin da muka koya wurin matan Larabawa wanda kakanninmu ba su san shi ba, duhan. Rami ne ake haƙawa a bayan ɗaki, a sa garwashi da itacen talha, mace ta shafe jikinta da mai ta zauna a kai, ta lulluɓa da bargo mai kauri, hayaƙin ya dafa ta har fatarta ta yi laushi ta ɗauki ƙamshi. Matar aure ba ta buɗe baki ta ce wa miji zo. Hayaƙin ke faɗa mata. Matsalar ita ce ba miji kaɗai yake gaya wa ba. Da la'asar sakaliya in ya tashi ya haura danga, duk unguwa ta ji labari.

Na shiga ramin nan ban san iyaka ba. In fito jiri na ɗibata, idanu jawur, in sa tufafin kirki in kai masa kisra, wainar dawar nan ta Larabawa, da miyar kuɓewa. Sai ya ci kansa a sunkuye, ya ce sannu da aiki, ya wanke hannu ya tafi masallaci. Washegari kuma ga mata a bakin tur'a suna jirana. Wata ta ce yau amarya ta makara. Wata ta shinshina wuyana ta ce kai, jiya Malam ya sha wuya. Su kwashe da dariya, ni kuma in rufe fuska da gefen mayafi kamar mai jin kunya. Wallahi tulun da nake ɗaukowa bai kai wannan kunyar ƙaryar nauyi ba.

Sau ɗaya na tambaye shi, a shekara ta uku. Da hantsi ne, ya dawo daga buɗe ruwa, ƙafafunsa duk laka, yana zaune yana kankarewa da tsinke. Na tsaya a kansa da ludayi a hannuna.

"Malam, mi na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba."

"To mi ya faru?"

"Ki yi haƙuri," in ji shi, bai ɗago ba.

Can ya ce in zaman ya ishe ni ba zai riƙe ni ba, zai ba ni takardata in koma Mai Wurno, kuma zai gaya wa kowa laifin nasa ne. Raina ya ɓaci. Na ce ni saki na zo nema? Na yi jifa da ludayin ya daki ginshiƙin rumfa ya rabe biyu. Ya tashi ya tsince ɓarayin, da yamma na gan shi yana ɗinke shi da zare. Haka mutumin yake. Ka rasa inda za ka kama shi ka yi faɗa.

Uwarsa tana nan da rai a lokacin, tsohuwa mai kaifin baki, a gidan wansa take zaune. Ita a ganinta ciwon a jikina yake, don ai kowa na ganin hayaƙi na tashi daga gidanmu. Ta jiƙa mini saiwoyi masu ɗaci, na sha. Ta kawo rubutu a kwalba, na sha. Wata shekara bayan kaka ta ɗauke ni har wajen Dindir wurin wani shehi, kwana biyu muna hanya, lori ya kafe a yashi muka sauka muka tura. Shehin ya ce iska ce ta zauna mini a mara, ya ba ni turare da layu, ya hana ni cin naman akuya shekara guda. Na bari. Ina zaune a gabansa ina jin kamar in ce, Allah gafarta malam, ko gona ce sai an shuka take tsirowa. Ban ce ba. Na karɓi layun da hannu biyu na yi godiya.

Da tsohuwar ta gaji da ni sai ta koma kan ɗanta, ya ƙara aure. Nan ne kaɗai na taɓa jin Malam ya yi wa uwarsa gardama. Ya ce ba zai ƙara ba, ko yau ko gobe. Shi ke nan, magana ta juya. Wadda ake tausayi jiya ta zama mai asiri, wai 'yar Mai Wurno ta shanye shi. Wata amarya har ta biyo ni bayan gari wajen itace tana roƙona in gaya mata malamina. Na dube ta, dariya ta zo mini, kuka ya zo mini, na ce ta je ta riƙe sallah.

Za a ce me ya hana ni faɗa. Na tambayi kaina wannan fiye da yadda wani zai tambaye ni. Ina da uwa, ina da yayye, kuma alƙali na raba irin wannan aure. Amma sai na tsaya gaban maza na faɗi abin da bakina, a kira shi a tambaye shi, gari ya ɗauka. Ni a zatona mazakutarsa ce ta mutu tare da yaron, kuma mace ba ta tona wannan. An raine mu a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ga shi kullum ina cewa wataƙila bana. Da wataƙila bana na ci shekara goma sha biyar.

Wajen shekara ta bakwai na daina duhan. Ba fushi ba ne, gajiya ce. Kaji suka mai da ramin wurin birgima. Na zama wadda ake kira in mace na naƙuda, don hannuna na da sanyi kuma ba ni da yaron da zai hana ni fita. Na wanke jariran da na wanke uwayensu ranar aure. In dawo gida in dafa, in kai rumfa, ya ce sannu da aiki. Muna hira fa, kada a ce ba ma yi. Mukan yi maganar tsutsar auduga, da Balaraben da ke rage mana dawa wajen rabo, da wanda ya mutu. Zaman wa da ƙanwa muke yi, masu ladabi.

Ranar da abin ya fito fili ba wata rana ba ce ta daban. Na lura kwana biyu yana tafiya ƙafa a wawware, sannan zazzaɓi ya kwantar da shi, har ruwan hawasha sai wansa ne ya je ya buɗe. A rana ta uku da safe na kai masa kunu, na ji wani wari a rumfar. Yana kwance yana rawar ɗari, ya ɗaura zane, wandon na ƙarƙashin gado bai samu ƙarfin kai shi tur'a ba. Na jawo shi. Cikinsa duk tabo ne fari-fari kamar an goga alli, ga ruwan miki. Na ce ya buɗe in gani. Ya ce in bari. Na ce wallahi yau ko ya buɗe ko in kira wansa ya danne mini shi. Sai ya juya fuska wajen zana ya saki zanen.

A fatar marainansa abin yake. Ƙulle-ƙulle ne a ƙarƙashin fata, sun fi ashirin, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu sun kai gujiya, farare da ɗan rawaya, ana ganinsu ta cikin fatar. Ɗaya ya fashe, wurin ya kumbura ya yi ja. Mun san gwaiwa, mun san tsargiya don kusan duk mai shiga ruwan tur'a yana fitsarin jini, amma wannan ban taɓa gani ba, ban taɓa jin sunansa ba. Na kai hannu, ya buge shi da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Kar ki taɓa! Ana ɗauka."

Na taɓa. Tauri gare su kamar tsakuwa. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun daminar da yaron ya rasu. Na ce suna ciwo? Ya ce a'a, sai ƙaiƙayi da zafi, wani lokaci ɗaya ya huje ya fid da farin abu ya rufe. Wannan ne kawai ya ruɓe. Na zauna a ƙasa daɓas. Tsoro ya kama ni, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani sanyi da nake jin kunyar faɗa: ashe ba ni ya ƙi ba.

Wansa muka gaya wa maruru ne ya fito masa a cinya. Aka ɗora shi a keken jaki zuwa ɗakin shan magani na ƙauyen gaba. Ma'aikacin ya duba, ya yi masa allura, ya ce wannan sai Sinnar. Muka bi lorin kasuwa. Aka ba shi gado a asibiti, ni kuma na sauka wurin wata ƙanwar uwata da ke aure a unguwar mutanenmu, kullum in dafa in kai. Kwana takwas suna masa allura har kumburin ya saɓe. A na tara suka shiga da shi ɗakin tiyata da hantsi. Na shimfiɗa mayafi a baranda na ce yau sai yamma. Ban gama jan carbi na uku ba aka turo shi waje, idonsa biyu.

Washegari likitan da ya yi aikin ya sa aka kira ni, don ya nuna mini yadda zan riƙa wanke ɗinkin da ruwan gishiri. Yaro ne, Balarabe, gashin bakinsa bai gama cika ba, yana ce mini hala, wato inna. Ya ɗauko wata 'yar tasa, ga tsakuwoyin a ciki. Ya danna ɗaya da ƙarfe ta marmashe.

"Jir ne kawai," in ji shi.

Jir ai na san shi, farar ƙasar da ake shafa wa bango in salla ta matso. Na ce jir a jikin mutum? Ya ce e, akan samu, ba kasafai ba, shi kansa wannan ne na biyu da ya gani. Jiki ne ke tara shi a fatar wurin, ba a san dalili ba. Sai ya ce ciwon hamid ne. Larabcina na kasuwa ne da gona, kalmar nan kuma a sallah kaɗai na san ta, inda ake yabon Ubangiji. Na tsaya ina tunanin me ke abin yabo a nan. Da ya ga na yi sororo sai ya ce haka suke kiran ciwon da ba ya kisa, ba ya yaɗuwa, ba ya cin jiki. Mai kyawun hali ke nan.

Malam na kwance fuskarsa a bango. Daga can ya yi tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko mace na ɗauka. Likitan ya ce sam. Ya ce ko yana taɓa ɗan da za a haifa. Likitan ya yi 'yar dariya ya ce abin a fata yake, bai shafi ƙwayayen ba balle zuriya, da bai ruɓe ba ma ana iya barinsa a mutu da shi a tsufa. Ya tambayi shekara nawa yana ɗauke da su. Malam ya faɗa. Yaron ya girgiza kai ya ce da ya zo tun farko da aikin bai wuce lokacin shan kofin shayi ba. Sannan, don ya faranta mana, yana rubutu a takarda ya ce, 'ya'yanku nawa?

 Ya ɗago ya dube ni, ya dubi bayan Malam, ya mai da kansa kan takardar. Bai san abin da ya yi ba, kuma ban riƙe shi a rai ba.

Ranar da aka sallame mu muka zauna gindin dogon yaro kusa da kasuwa muna jiran lori. Azahar ta gota, rana na dukan ƙasa. Ya zauna a karkace saboda ɗinkin. Ban tambaye shi komai ba, na gaji da tambaya tun shekara ta uku. Shi ya fara.

Ya ce kafin aurenmu, yana saurayi, ya je tsinkar auduga wajen Wad Madani. Ranar da aka tashi aiki abokai suka ja shi wani gida da ake sayar da giyar dawa. Giyar bai sha ba, amma akwai mace. Sau ɗaya ne, ya ce, kuma ya yi ta tuba har ya zaci an yafe. A sansanin masu tsinkar kuwa akwai wani mutum da tunjere ya cinye wa hanci, matarsa duk cikin da ta ɗauka sai ta haifi gawa, kowa ya san a irin gidan nan ya samo. Da yaronmu ya rasu, a cikin kwanakin zaman makoki, Malam ya ji ƙullin farko yana wanka. Sai ya haɗa biyu da biyu. Ya ce a ransa abin ya biyo shi, shi ya sa wa yaron a jini, baƙon dauro dalili ne kawai. Ya rantse ba zai sa mini ba, ba zai sa wa wata ba, ba zai sake kashe ɗa ba. Zuwa wurin mai magani kuma sai ya faɗi inda ya samo. Gaya mini ma haka.

"Na ga gara ki ce ba ni da kirki, da ki ce ni na kashe miki ɗa."

Na ce yaran da suka mutu a daminar nan fa, duk ubanninsu Wad Madani suka je?  Ya ce bai taɓa duba ta nan ba. Shekara goma sha biyar, mutum da hankalinsa, mai sanin ranar da auduga ke son ruwa da ganin ganye kawai, bai taɓa duba ta nan ba. Na so in yi ihu kasuwar Sinnar ta taru. Ƙarfin ne babu. Na gyara masa jakar da yake jingine da ita.

Can na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da rabona da gani tun yaron na da rai. Har ya yi ƙuruciya. Ya ce likita ya ce wata guda ya warke sarai. Ya ce Allah mai iko ne, an ga waɗanda suka fi mu shekaru an ba su. Yana magana yana wasa da bakin mayafina, a bainar jama'a, shi da ko sunana ba ya kira. Na bar shi ya kai aya, don na san daga wannan ba zan sake ganin fuskar nan haka ba.

"Malam, jinina ya ɗauke."

"Tun yaushe?"

"Tun kakar bara."

Ya saki mayafin. Ya buɗe baki zai ce ban gaya masa ba, na ga maganar ta zo har leɓensa, ya haɗiye ta. Da lorin ya zo ni na tallafe shi ya hau, na roƙi wani ya ba shi wuri a kan buhu mai laushi. Har muka isa gida hawaye na bin gemunsa, mutane na yi masa sannu, sun zaci ɗinkin ne.

Mun ƙara shekaru masu yawa tare, kuma ya kyautata mini har ya koma ga Allah. Matar Wad Madani na yafe masa ita tun a gindin bishiyar, kafin ya rufe baki. Shirun da ya yi mini shekara goma sha biyar ne ya gagare ni. Wannan kam kullum sai na yafe, in wayi gari in tarar da sauran.